Hisabin Sa'o'i a Majalisun Masu Rediyon Sha'awa

A ƙasashe da yawa na duniya akwai waɗansu mutane waɗanda hukuma ta ba su izinin ajiye na'urar aika magana ta iska a gidajensu, bayan sun zauna jarrabawa sun ci, bisa sharaɗin cewa ba za su nemi ko sisin kwabo da ita ba, ba kuwa za su mai da ita gidan watsa labarai ko kaɗe-kaɗe ba. Su ne masu rediyon sha'awa. Kowane ɗayansu yana da lambar kira tasa, wadda haruffanta na farko suke bayyana ƙasarsa, kamar yadda 5N take nuna Nijeriya, 5U take nuna Nijar, K da N da W kuwa suke nuna Amurka, inda adadin masu lasisin ya haura dubu ɗari bakwai, inda kuma al'amarin da za mu yi bayaninsa ya fi samun nizami.

Daga cikin al'adun waɗannan mutane akwai zama na musamman da suke yi a kan zango ɗaya na iska, a rana sananniya da lokaci sananne, ko dai kullum ko mako-mako, kowa yana ɗakinsa ko cikin motarsa, ba mai ganin wani, amma duk da haka zaman yana da ladabi da ƙa'ida irin na majalisa. Akwai jagora wanda yake buɗe zama, ya faɗi sunan majalisar da manufarta, ya tambaya ko akwai mai saƙon gaggawa, sa'an nan ya ba da izini a shigo. Mutane su dinga faɗin lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana maimaitawa don kowa ya tabbata an ji shi, kuma ba mai yin magana da wani sai ta hannunsa, domin zango ɗaya ba ya ɗaukar murya biyu a lokaci guda. Wata majalisar ta hira ce kawai. Wata ta isar da saƙonni ce daga gari zuwa gari, wata ta masu lura da hadari ce waɗanda suke kai rahoto ga hukumar yanayi ƙarƙashin shirin da ake kira SKYWARN, wata kuwa, kamar Hurricane Watch Net da aka kafa a 1965, takan zauna ne a zangon 14.325 duk sa'ad da mahaukaciyar guguwar teku ta doso tudu, ta yi sa'o'i masu yawa a buɗe, jagorori suna karɓar juna.

To, mai karatu yana iya tambaya, abin da mutum ya yi don sha'awar ransa, ba a biya shi ba, bai kuwa nemi a biya shi ba, mene ne fa'idar ƙidaya sa'o'insa? Amsar tana cikin asalin izinin da aka ba su. Zangunan iska dukiya ce mai iyaka, wadda kamfanonin waya da na sufuri suke zuba maƙudan kuɗi don su samu, alhali su masu sha'awa an ba su nasu rabon ba tare da sun saya ba. Dokar hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, a sashe na 97, ta ambaci dalilan wannan kyauta, na farkonsu kuwa shi ne amfanin da jama'a take samu daga hidimar sa-kai, musamman a lokacin da bala'i ya katse hanyoyin sadarwa. Ashe ke nan hujjarsu ta riƙe wannan rabo ita ce hidima, hidimar da ba a rubuta ba kuwa, da zarar an kashe na'ura ta bi iska, ba ta bar wata alama da za a nuna wa mai shari'a ko ɗan majalisar dokoki ba. Sun kuwa taɓa ɗanɗana rashi, domin a 1988 hukumar ta yanke shawarar karɓe musu zangon 220 zuwa 222, ta ba masu harkar kasuwanci, kuma hukuncin ya tabbata a 1991. Wanda aka taɓa rage wa gona ba ya wasa da takardar shaidar nomansa.

Babbar ƙungiyarsu a can ita ce ARRL, wadda Hiram Percy Maxim da Clarence Tuska suka kafa a 1914 a garin Hartford, hedikwatarta kuwa yanzu tana Newington a jihar Connecticut. Ita ce ta kafa rundunar agajin gaggawa a 1935, wadda a yau ake kira ARES, ta kuma tsara hanyar isar da saƙonni ta ƙasa baki ɗaya a 1949. Ta kasa ƙasar kashi 71, kowane kashi da mai kula da harkar gaggawa, a ƙarƙashinsa akwai na yankuna, a ƙarƙashin waɗannan kuma akwai na gundumomi. Rahoton wata-wata yakan faro ne daga ƙasa: jagoran majalisa ya miƙa wa mai kula da gunduma adadin zaman da aka yi da na mahalarta da na sa'o'i, shi kuma ya haɗa da na sauran majalisun gundumarsa ya tura sama, har ya isa hedikwata, inda ake tara na ƙasa duka. Lamarin ya yi kama da isnadi a wurin malaman hadisi, domin jimillar da take fitowa a ƙarshe ingancinta bai wuce ingancin mafi raunin masu riwayarta ba, mai riwaya na farko kuwa shi ne magatakardan da yake zaune da na'urar sauraro a kunne a daren majalisa.

Bari mu tsaya a bayan wannan magatakarda mu ga aikinsa. A da fensiri ne da takarda mai layi, yana rubuta lamba da suna da gari da lokaci, hannu yana gaggawa, kunne yana fama da ƙarar iska, wadda takan sa B ta yi kama da D, M ta yi kama da N, shi ya sa ma suke kiran haruffa da kalmomin da duniya ta yi ittifaƙi a kansu, irin su Bravo da Delta. Yanzu kuwa yawancinsu kwamfuta suke buɗewa, da manhaja irin NetLogger, wadda kyauta ake samunta. Da ya buga lambar kira, sai manhajar ta leƙa kundin masu lasisi ta intanet, ta cika masa sunan mai lambar da garinsa da jiharsa, ta buga lokacin shigarsa. Idan ya ji lambar ba daidai ba, sau da yawa sunan da ya fito shi zai fargar da shi, domin zai ga mutumin wata jiha mai nisa a majalisar da ba ta wuce gari ɗaya ba, sai ya ce a maimaita. Jerin sunayen kuma yana bayyana a fuskar kwamfutar duk mahalarcin da ya buɗe manhajar, ta yadda kowa zai ga inda yake a layi, ya ga wanda yake magana, ya ga wanda ya yi sallama ya tafi, idan kuma an ɓata masa lamba ya rubuta gyara a gefen allo ba tare da ya katse mai magana ba. Idan wa'adin jagora ya cika, yakan miƙa daftarin ga mai karɓarsa kamar yadda yake, ba a sake kiran sunaye ba. Da an rufe zama, sai a fitar da jerin a matsayin fayil, ko dai irin wanda manhajojin lissafi suke karantawa, ko irin tsarin ADIF da littattafan masu rediyo suka saba da shi, a ajiye shi har ƙarshen wata. Ita ma ƙungiyar ARRL ta taɓa samar da wata manhaja ta intanet mai suna ARES Connect, inda kowane ɗan sa-kai zai shigar da sa'o'insa da kansa.

Sai dai fa manhaja tana rubuta abin da aka ce mata ne, ba ta yanke hukunci a kan mas'alar da mutane suka yi saɓani a kanta, mas'alar kuwa a nan ita ce: wace ce sa'ar hidima? Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka tsawon zama da adadin mahalarta. A ƙaddara majalisa ta yi minti 45 da mutum 20. Hisabi ya ba da minti 900, wato sa'a 15. Amma duk wanda ya taɓa sauraron irin wannan zama ya san akwai masu shigowa su faɗi lamba, su ce ba su da saƙo, su nemi izini su tafi. A ƙaddara takwas daga cikin ashirin ɗin haka suka yi, kowannensu minti biyar ya zauna. To, sa'o'in haƙiƙa sun koma tara da minti 40, bambanci ya kai sa'a biyar da minti 20 a dare ɗaya, idan kuwa majalisar mako-mako ce, a shekara ya haura sa'a 270 waɗanda ba wanda ya yi su. Ta ɗaya gefen kuma akwai aikin da ninkawar ba ta gani, kamar lokacin da jagora ya ɓata yana shirya sanarwa kafin zama, da wanda magatakarda ya ɓata yana gyaran daftari bayansa, da wuni guda da mutum biyu suka yi a gindin hasumiya suna gyaran na'urar maimaita murya wadda ba don ita ba da majalisar ba ta zauna ba. Ga kuma majalisun da ake yi ta hanyar Winlink, wato aika wasiƙa ta rediyo, inda ƙofar shiga takan kasance a buɗe wuni guda, alhali kowane mahalarci 'yan mintoci ya yi yana tura saƙonsa. Wanda ya ninka tsawon irin wannan zama da adadin mutane ya fitar da ƙarya tsagwaronta, ko da kuwa bai nufi yin ƙarya ba.

A ganina ba laifi ba ne kashi ya zaɓi hanyar ninkawa saboda sauƙinta, matuƙar ya bayyana cewa ita ya bi, kuma dukan gundumominsa ita suka bi, shekara bayan shekara. Aibin yana inda gunduma ɗaya take ninkawa, maƙwabciyarta tana ƙidaya minti-minti, sa'an nan a zuba adadin biyu a jaka ɗaya a kira shi jimilla. Mafi cancanta dai, tunda na'ura ta riga ta ɗauke wahalar buga lokaci, shi ne a rubuta shiga da fita na kowane mutum, domin uzurin da magabata suke da shi na ƙarancin hannu ya kau. Haka nan ya wajaba a rarrabe nau'o'in aiki, kamar yadda takardar rahoton ƙungiyar ta ware zaman horo da gwaji daban, hidimar tarurrukan jama'a irin su tseren gudu daban, aikin bala'i na gaske daban, saboda sa'a ɗaya a ƙarƙashin ambaliya da sa'a ɗaya ta hirar daren Talata ba ɗaya suke ba a wurin mai duba rahoto.

Akwai kuma wani tarko ƙarami wanda yake kama ko da masu lura, shi ne na agogo. Masu rediyo sun saba rubuta lokaci da agogon duniya, wanda masu sauraron tashoshin ƙetare a ƙasarmu suka sani da agogon GMT. Majalisar da ta zauna da ƙarfe takwas na dare a New York ranar 31 ga Janairu, a wannan agogo ƙarfe ɗaya ne na daren 1 ga Fabrairu, saboda haka idan manhaja tana bin agogon duniya, mai haɗa rahoto kuwa yana bin na garinsu, zaman nan zai iya faɗawa cikin wata biyu a ƙidaya shi sau biyu, ko ya faɗa tsakani ya ɓace.

Ƙungiyar ARRL tana da wani hisabi na daban na ɗaiɗaikun mutane, wanda ba da sa'o'i kaɗai ake yinsa ba: halartar majalisar hidima maki ɗaya ne, har iyakar 40 a wata, sa'a guda a aikin gaggawa kuwa maki biyar, wanda ya tara 70 a wata sai a buga lambarsa a mujallarsu ta QST.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne inda sa'o'i suke komawa kuɗi, duk da cewa ko anini ba ya shiga aljihun mai rediyo, domin doka ta haramta masa karɓar lada. Wata cibiya mai suna Independent Sector takan fitar da ƙiyasin darajar sa'ar ɗan sa-kai kowace shekara, a 2024 ta ce dala 33.49 ce, da wannan ma'auni zaman nan na sa'a 15 ya haura dala 500, kuma irin wannan adadi ne ƙungiyoyi suke nuna wa hukumar gunduma sa'ad da suke neman a bar musu gurbi a kan hasumiyar gwamnati ko ɗaki a cibiyar kula da bala'i. Sa'an nan idan shugaban ƙasar Amurka ya ayyana bala'i, gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar FEMA, takan ɗauki aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aikin da ya cancanta, saura kuwa ya rataya a wuyan jiha da gunduma. Ƙa'ida ta yarda a lissafa aikin 'yan sa-kai a rage wannan saura da shi, da sharaɗin a kawo shaida mai suna, da sa'o'i, da wurin aiki, da bayanin abin da aka yi, a kuma kimanta shi da ladan da ake biyan mai irin wannan aiki. A nan ba a karɓar ƙiyasi ko ninkawa. Shi ya sa a lokacin bala'i suke amfani da takardun hukuma, ICS-214 don rubuta abin da kowane mutum ya yi da lokacinsa, ICS-309 don jera saƙonnin da suka shiga da waɗanda suka fita, wadda manhajar Winlink ma takan fitar da ita da kanta daga saƙonnin da ta aika.

Amma ranar da aka fi bukatar wannan shaida ita ce ranar da manhajar da ta dogara da intanet ba ta da amfani. Lokacin da guguwar Maria ta faɗa wa tsibirin Puerto Rico a Satumba 2017, ta kashe wutar lantarki da mafi yawan hasumiyoyin waya, har ƙungiyar Red Cross ta roƙi ARRL ta aiko da masu rediyo, aka tura mutum 22. A irin wannan hali ba kundin masu lasisi da za a leƙa, ba jerin da zai bayyana a allon mahalarta, batir kuwa an fi bukatarsa ga rediyo fiye da kwamfuta. Saboda haka ƙungiyoyin da suka san aikinsu sukan ajiye takardun nan bugaggu a cikin jakar gaggawa tare da fensira da agogon hannu, sukan kuma keɓe waɗansu darare na horo su rufe kwamfuta da gangan, magatakarda ya rubuta zaman da hannu daga farko har ƙarshe, sa'an nan bayan an tashi ya shigar da shi cikin manhaja, a gwada daftarin biyu a ga inda suka saɓa.