Wake da ƙashin saniya: girkin da ba ya son gaggawa a Potiskum

Garin Potiskum na jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu, wadda ke ci ranar Laraba, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Sai dai tsokar naman da ke fitowa daga hannun mahauta ta fi ƙarfin aljihun magidanta da yawa. Abin da talaka ke iya kaiwa gida shi ne ƙashi, jela ko ƙafar saniya. Waɗannan sassa masu tauri, idan aka haɗa su da wake aka bar su a kan wuta mai sanyi, suna ba da abinci mai ƙosarwa da gina jiki.

Wannan dabara tana da 'yar'uwa a birnin Boston na Amurka, inda aka daɗe ana zuba wake a tukunyar ƙasa tare da naman alade mai gishiri da ruwan rake mai kauri, ɗan'uwan mazarƙwaila, a bar shi cikin tanda awa 6 zuwa 8. A Potiskum, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, kitse da ɓargon saniya ne ke yin aikin da naman alade ke yi a can, wato su narke sannu a hankali su ratsa waken.

Akwai bambanci guda da ya kamata mai girki ta kiyaye. Waken ƙasar nan ya fi na Boston saurin nuna, don haka nama ake fara ɗorawa. Ana wanke ƙashi ko jela kimanin rabin kilo, a sa a tukunya da albasa, citta, masoro da daddawa, a bar shi ya yi awa 2 yana ɓararraka a hankali. Daga nan sai a zuba wake gwangwani 4 da aka tsince aka jiƙa, a janye itace a bar garwashi, a rufe tukunya da kyau. Bayan awa 1 zuwa 2 romo zai yi kauri, nama ya saki ƙashi. Tukunyar ƙasa ta fi ta dalma riƙe zafi, shi ya sa garwashi kaɗan ke isar ta.

Tumatir da duk wani abu mai tsami sai wake ya yi laushi ake zuba su, domin tsami na hana shi nuna da wuri. A lokacin ne kuma ake sa attaruhu, tattasai da manja ko man gyaɗa.

Tsadar gawayi da itace na sa mata da yawa su cika kanwa don wake ya nuna da sauri. Kanwa na yin wannan aiki, amma idan ta yi yawa tana lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin waken, tana kuma dusashe ɗanɗanonsa. Jiƙa wake na 'yan awoyi kafin girki na rage lokacin dahuwa ba tare da wannan asara ba.

Hatsarin da ya fi girma yana faruwa ne tun kafin wake ya shiga tukunya. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake, amma ƙwari na huda shi a rumbu, abin da ke sa wasu 'yan kasuwa zuba masa maganin ƙwari mai guba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar dichlorvos da aka samu a cikinsa. Doguwar dahuwa ba ta ba da tabbacin kawar da irin wannan guba, don haka duk waken da ke warin magani a bar wa mai shi abinsa. Ga masu ajiya a gida akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga, ba tare da magani ba.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Uwargidan da ta ɗora tukunya bayan azahar za ta sauke kafin magariba, a ci da gurasa, burodi ko farar shinkafa, ragowar kuma a ɗumama da safe kafin yara su tafi makaranta.