Shin Ko Kun San? Fatar Bahaushe a Damunar Duwala

Shin ko kun san cewa lalle zubewa yake yi tare da fatar da ya kama? Launin da ke cikin ganyensa matattun ƙwayoyin saman fata kaɗai yake rinawa. Kullum waɗannan ƙwayoyi na kakkaɓewa, wasu na tasowa daga ƙasa suna maye gurbinsu, shi ya sa ƙunshin da aka yi wa amarya a unguwar New Bell ta Duwala yau, bayan mako biyu ko uku sai labari. Tsagar gado kuwa tana nan har tsufa, domin askar wanzami ta ratsa shimfiɗar sama ta taɓa ta ƙasa, wadda ba ta sauyawa haka. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi fa a yi hattara: sinadarin PPD da ke cikinsa kan tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa, su warke su bar tabon zanen.

Shin ko kun san fatar babban mutum, in an shimfiɗa ta, ta kusa murabba'in mita 2? Sabuwar ƙwaya kan ɗauki wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin ta taso daga inda aka haife ta, ta mutu, ta faɗi, kuma tafiyar na ƙara nauyi da shekaru. Duk mai tallan man da ya ce miki kwana uku ki ga sabuwar fata, ki tambaye shi me ya zuba a ciki. Akwai inda fata ke sabuntuwa cikin 'yan kwanaki, amma cuta ce, ana kiranta soriyasis.

Shin ko kun san ruwan saman Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, kusan ninki huɗu na Kano? Nan ne yawancin baƙi ke yin kuskure. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya saba da hunturu, kaushi da faso, ya saba a lafta man kaɗanya ko basilin tun daga goshi har diddige. A can daidai ne. Amma daga New Bell har Sodiko da ke ƙetaren kogin Wuri, iska jiƙe take, zufa ba ta bushewa, hunturu kuwa sai dai ɗan hazonsa. Mai mai kauri a irin wannan yanayi toshe ƙofofin zufa yake, ƙurajen zafi su feso. Ƙyasbi ma yana jin daɗinsa: wata ƙwayar halitta ce dangin yis mai suna Malassezia ke kawo shi, tana zaune a fatar kowa, abincinta maiƙo ne, kuma zafi da laima ke sa ta yaɗu. A ganina man kaɗanya a Duwala na diddige ne da gwiwa da gwiwar hannu. Ƙirji da baya su samu mai mara nauyi, ko a bar su haka nan, a sa rigar auduga.

Ga wata ƙarama mai muhimmanci. Mai alwala sau biyar a garin da ƙafa ba ta bushewa da kanta, ya riƙa goge tsakanin yatsunsa kafin ya zura takalmi sau-ciki. Ƙaiƙayi da farin saɓar da ke fitowa a wurin lema suke bi.

Shin ko kun san fata tana da ɗan tsami-tsami wanda ke kare ta? A ma'aunin pH tana wajen 5, sabulun gargajiya kuwa, har da na salo, yakan kai 9 ko 10. Ba laifi a yi wanka da shi, amma a bar kumfa a fuska ana jira ta "ci", ɓarna ce. Haka dilka da halawa da muka aro daga Sudan: suna kwashe matattun ƙwayoyi, jiki ya yi santsi, amma sau ɗaya a mako ya isa. Dirza kullum na tayar da kumburi, baƙar fata kuma idan ta fusata launi take ƙarawa, sai a tashi da tabo mai duhu wanda kan yi watanni. Soso kuma a shanya shi. Wanda ke kwana a jiƙe a banɗaki gidan ƙwayoyin cuta ne.

Shin ko kun san a watan Agustan 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigowa da kayan shafa masu haidirokwinon da zaiba da sarrafa su da sayar da su? 'Yan gari djansang suke ce wa wannan ɗabi'a ta neman hasken fata, mu kuma bilicin. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne da yawa daga cikin haɗe-haɗen na ɗauke da maganin sitiroyid irin su kilobetasol, wanda ke rage saurin haihuwar ƙwayoyin fata. Hasken da ake gani a makonnin farko yana tafe da sirancewar fata. Daga nan sai jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage, makero ya samu fili, ciwo ya ƙi warkewa, har ɗinkin tiyatar haihuwa ya zama abin fargaba. Haidirokwinon in ya daɗe baƙi yake mayar da kumatu, baƙin da ke da wuyar fita. Zaiba kuwa ƙoda take nema, kuma tana kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Shin ko kun san manjan da ake wa kallon abincin mutanen kudu na cikin abinci mafi yawan sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda ƙwayoyin fata ke bukata kafin su nuna daidai? Matuƙar ja ne, ba a soya shi ya yi fari ba. Gwaiba da gwanda da garin 'ya'yan kuka na ba da bitamin C, kifin kasuwar Youpwé da tsiren mahautanmu na ba da furotin da zinki. Ƙwayoyin fata sun fi rabuwa da dare, don haka mai raba dare a waya yana tauye kansa. Taba da shisha na matse hanyoyin jini, rauni ya daɗe bai rufe ba.

Shin ko kun san akwai maganin da aka tabbatar yana hanzarta sabuntar fata? Sunansa tiretinoyin, dangin bitamin A, Amurka ta amince da shi a 1971 don ƙurajen fuska. Da dare ake shafa shi, ɗan kaɗan, yana sa saɓa da jin zafin rana a makonnin farko, gajimaren Duwala kuma ba ya tare duk hasken da ke ƙona fata. Likita ke rubuta shi, kuma ba a ba mai juna biyu.