Bagadi, Ɗakin Gwaji Da Akwatin Zaɓe: Inda Kiristocin Bauchi Masu Ra'ayin Riƙau Suka Tsaya

A ƙarshen watan Fabrairun 2025 Gwamnatin Jihar Bauchi ta rufe makarantu na kimanin mako biyar saboda azumin Ramadan, kamar yadda jihohin Kano, Katsina da Kebbi suka yi. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ƙarƙashin Archbishop Daniel Okoh, ta yi tir da matakin, tana cewa zai ƙara jefa yara a baya a yankin da tuni ya fi ko'ina yawan waɗanda ba sa zuwa makaranta. Gwamnati kuwa ta ce tun da wuri aka tsara jadawalin karatun tare da masu ruwa da tsaki.

Taƙaddamar ta lafa, amma ta fito da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Majami'un da ake yi wa kallon masu tsauri a kan aƙida, su ne suka fi ɗaga murya a kan a bar yara cikin aji. Kiristan Bauchi mai ra'ayin riƙau ba hoton takwaransa na Amurka ba ne, ko da kuwa littattafai ɗaya suke karantawa. Tarihinsa da matsayinsa na ɗan tsiraru sun ba shi tasa fahimtar game da ilimi da mulki.

Tushen aƙidar

Manyan ɗarikun da suka fi kafuwa a unguwanni irin su Yelwa sun samo asali ne daga mishanonin farkon ƙarni na 20. ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, 'yar mishan ɗin SIM ce da Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma a 1893. COCIN, wadda akasarin Sayawan Tafawa Ɓalewa da Bogoro ke bi, ta fito ne daga mishan ɗin SUM da Karl Kumm ya kafa a 1904. Dukansu biyu hedikwatarsu na Jos, kuma dukansu sun gaji koyarwar cewa Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce da babu kuskure a cikinta. Da Hausa aka dasa wannan koyarwa, domin tun 1932 aka buga cikakkiyar fassarar littafin, har yau kuma da ita ake sujada a majami'u da dama na birnin.

Malamin da ya fi kare wannan matsayi shi ne Byang Kato, ɗan ECWA daga Kwoi, wanda ya rasu a 1975. Ya gargaɗi ikilisiyoyin Afirka da kada su sassauta aƙida don neman yardar zamani. Har yanzu ana karanta shi a makarantun horar da fastoci.

Sai dai mishanonin da suka kawo aƙidar, su ne kuma suka kawo allura da allo. Da yake Turawan mulki sun taƙaita wa'azi a cikin biranen sarakuna, ta hanyar jinya mishan ta sami shiga, musamman ta asibitocin kutare irin na Bayara da ke gefen Bauchi da na Yadakunya a Kano. Asibitin ido na ECWA da ke Kano da Jami'ar Bingham ta Karu da aka kafa a 2005 duk daga wannan jijiya suka tsiro. Shi ya sa a idon waɗannan masu bi, likita da fasto ba kishiyoyi ba ne.

Inda aka rungumi kimiyya

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar wajen aure. Majami'u da yawa ba sa ɗaura aure sai masoya sun kawo takardar gwajin jini, wadda ta haɗa da na ƙanjamau da na ƙwayar halitta. Dalilin a fili yake: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar sikila, kuma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Dattijon cocin da ke zaunar da saurayi da budurwa yana yi musu wannan lissafi, dokar gado ce ta Gregor Mendel yake karantarwa, wanda shi ma malamin coci ne, ya kuma wallafa bincikensa a 1866.

Ba kullum ake tafiya salin alin ba. A lokacin annobar korona a 2020, wadda ta kama har Gwamna Bala Mohammed a watan Maris, wa'azin wasu fitattun fastocin Kudu, irin su Chris Oyakhilome da ya alaƙanta cutar da fasahar 5G, ya karaɗe wayoyin jama'a. Amma tsofaffin ɗarikun da ke da asibitoci da ma'aikatan jinya a cikin mambobinsu ba su da saurin bin irin wannan magana.

Inda aka ja daga

Gardamar gaske tana kan asalin halitta. Littafin Farawa ya ba da labarin halittar duniya cikin kwana shida, manhajar ilimin halittu ta sakandare kuma tana koyar da ka'idar juyin halitta da Charles Darwin ya gabatar a 1859. Masu fassara kalma da kalma suna riƙe da cewa duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, ra'ayin da ya sami sabon ƙarfi a Amurka bayan littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961 a kan ruwan tsufana.

A Bauchi, duwatsun gari ma sun shiga muhawarar. Akwai wani nau'in dutse da masana suka raɗa wa suna bauchite saboda a nan aka fara gano shi, kuma awon kimiyya ya nuna ya haura shekara miliyan 500. Man fetur ɗin Kolmani, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙarsa a Nuwamban 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, da lissafin miliyoyin shekaru aka nemo shi. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke karatun kimiyyar ƙasa ba zai ci jarrabawa ba sai da wannan lissafi, ko da ranar Lahadi shi ne ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki.

Amsoshin sun kasu. Wasu na rubuta abin da malami ke so, su bar imaninsu a zuci. Wasu na cewa kalmar kwana a Farawa na iya nufin dogon zamani. Cocin Katolika, wadda ke da babbar majami'ar St. John a birnin, ta daɗe da buɗe ƙofa: Fafaroma Pius na 12 a 1950 ya halatta binciken juyin halittar jiki, muddin an yarda cewa rai daga Allah yake. Abin da dukansu suka haɗu a kai shi ne ɗan'adam ba hatsari ne ya samar da shi ba, kuma a nan bakinsu ɗaya da maƙwabtansu Musulmi.

Daga ƙyamar siyasa zuwa rumfar zaɓe

Kiristocin farko an tarbiyyantar da su a kan cewa siyasa harka ce ta duniya mai ɓata mai bi. Al'amura ne suka sauya wannan tunani: kafa CAN a 1976, muhawarar shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1978, da shigar Najeriya ƙungiyar OIC a 1986. A gida kuma, rikicin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991 ya fantsamo cikin birnin Bauchi, kwamitin Mai Shari'a Babalakin ya ba da shawarar a ba Sayawa masarautarsu, batun da ya shafe fiye da shekara 30 ana ja-in-ja a kansa. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2001 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. A 2012 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari kan majami'a a Yelwa cikin watan Yuni, sannan kan St. John cikin Satumba.

Daga nan katin zaɓe ya zama abin da ake tunatarwa a kansa daga bagadi. Yakubu Dogara, ɗan Bogoro da ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, na cikin waɗanda suka fito fili suka yi adawa da tikitin Musulmi da Musulmi na APC a 2022.

A nan ne bambancinsu da masu ra'ayin riƙau na Amurka ya fi fitowa. Can, da yawa na neman addini ya ƙara shiga harkar gwamnati. A Bauchi kuwa garkuwar Kirista ita ce sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Buƙatunsa na yau da kullum ne: filin gina coci, malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, da adalci wajen ɗaukar aiki. Amma da aka zo dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, fasto da liman gefe ɗaya suka tsaya.

Wannan matsayi na da wuyar riƙewa, domin mai neman gwamnati ta tsame hannunta daga addini a wani batu, yana kiran ta ta kare ɗabi'ar addini a wani. Masu sukarsu na ganin tufka da warwara. Su kuwa suna cewa akwai bambanci tsakanin abin da al'umma duka ta yarda da shi da abin da ɓangare ɗaya ke ɗora wa ɗaya.

Sake sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini da Shugaba Donald Trump ya yi a ƙarshen Oktoban 2025 ya sabunta tambayar ko a wa ya kamata a dogara. Washington na da nisa. Jadawalin makaranta, takardar fili da tsaron unguwa duk a Bauchi ake yanke su, tare da mutanen da ake haɗuwa da su kullum a kasuwar Wunti da Muda Lawal.