Rijiya Rumbun Gari Ce

Ya kai mai gida, ka taɓa tambayar kanka daga ina ruwan rijiyarka ke fitowa? Waɗansu suna tsammani wani babban kogi ne a ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya ƙarewa. Ba haka ba ne. Ruwan sama ne. In an yi ruwa da damina, wani ya kwarare zuwa rafi, wani rana ta shanye, saura kuwa ya nutse cikin ƙasa, ya kwanta tsakanin yashi da tsakuwa da tsagar duwatsu. Shi kake ja da guga har tsakiyar bazara. Watau rumbu ne, damina ke cika shi, gari duka ke ɗiba.

Rumbun nan ba girmansa ɗaya ba ko'ina. A ƙasar Zariya da yawancin ƙasar Kano, in an yi haƙa kaɗan sai a tarar da dutse, ruwan kuwa cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagarsa yake, ba shi da yawa. Shi ya sa rijiyoyin can ke ja da baya wajen watan Afrilu. A ƙasar Sakkwato da ta Borno kuwa yashi ne mai zurfi, hawa bisa hawa, yana riƙe ruwa da yawa.

Amma ko babban rumbu yana ƙarewa. Wajen shekarar 1960 an haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a Borno, ruwa ya riƙa bulbulowa da kansa ba inji ba guga. Da yawa aka bar su suna zuba dare da rana. Ruwan can ƙasa kuwa tsohon ajiya ne na dubban shekaru, damina ɗaya ba ta mayar da shi. Sannu a hankali ƙarfinsa ya ragu, waɗansu suka daina zuba ɗungum. Sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka zo, rijiyoyi da yawa a Arewa suka ƙafe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, ban da ƙarewa akwai ɓaci. Hanyar da ruwan sama ke bi ya nutse, ita ƙazantar masai ke bi. In masai na kusa da rijiya, ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na zazzaɓin taifot sai su gangara cikinta. Ido ba ya ganinsu. Ruwa ya yi garau, amma yaro ya sha ya kwanta. Rijiya ɗaya tana iya kwantar da unguwa guda.

Ga abin da ya kamata ku yi:

1. Ku haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30, wajen taku 40 ke nan, kuma ta gangare, ba ta tudu ba.
2. Ku ɗaga bakin rijiya da siminti, ku yi mata daɓe kewaye da magudana, ku sa murfi.
3. Guga ɗaya na rijiya, a rataye shi. Kada a yar da igiya a ƙasa.
4. A yi wa dabbobi kwamin sha can gefe. Wanki da wanka su ma can.
5. A yashe rijiya da rani, a kira duba-gari ya zuba maganin kulorin.
6. In famfo ya lalace yana zuba, a gyara nan da nan. Ku yi asusu a gaban mai unguwa domin gyara.
7. Kada ku sare itatuwan fadama. Ƙasa mai inuwa da ciyawa ta fi shan ruwan sama.

Ke kuma uwargida, rufe randa, ki ajiye moɗa ɗaya mai tsabta. In ana amai da gudawa a gari, tafasa ruwan sha.

Kada ku ce abin ya fi ƙarfinku. A 1988 mutane fiye da 650,000 suka yi kurkunu a Nijeriya saboda shan ruwan kududdufi. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi masu kyau, a 2013 aka tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar nan. Mutanen ƙauye ne suka yi aikin. Ku tsare rijiyarku kamar yadda kuke tsare rumbun hatsi, gama 'ya'yanku daga ita za su sha.