Yadda za a sassauta ciwon ƙirjin da fargaba ke haddasawa

Mutum na zaune lafiya lau, sai ya ji gabansa ya faɗi, zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa dutse. Ya garzaya asibiti yana zaton ajali ne ya zo, amma bayan gwaje-gwaje likita ya ce zuciyarsa ƙalau take.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan larura. Tun a shekarar 1871 wani likita Ba'amurke mai suna Jacob Da Costa ya yi rubutu a kan sojojin yaƙin basasar Amurka masu kukan ciwon ƙirji da bugun zuciya, alhali babu wata cuta da aka gano a zuciyoyinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 301 ne ke fama da larurar fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

Me ke kawo ciwon?

Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki wani sinadari da ake kira adirenalin domin shirya shi ya kare kansa ko ya gudu. Zuciya ta ƙara sauri, naman da ke tsakanin haƙarƙari ya ɗaure, numfashi ya koma sama-sama.

Saurin numfashin kan rage iskar kabon dayoksaid a cikin jini fiye da kima, abin da ke kawo jiri da jin yatsu ko leɓɓa sun yi sanyi suna tsira. Ganin haka sai tsoro ya ƙaru, ciwon ma ya ƙaru. Ke nan ciwon na gaske ne, ba raki ba ne, kuma ba shafar iska ba ce.

Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, kuma galibi yakan lafa tsakanin minti 5 zuwa 20.

A fara da ganin likita

Babu wanda zai iya bambance ciwon fargaba da ciwon zuciya daga gida. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji a karon farko, wajibi ne a duba shi, a auna bugun zuciyarsa da na'ura, a kuma gwada jininsa idan akwai bukata.

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba idan ciwon yana dannewa ko matsewa, ko yana sauka zuwa hannu, ko muƙamuƙi, ko gadon baya, ko yana tare da zufa mai sanyi da tashin zuciya, ko kuma ya taso lokacin tafiya ko wani aikin ƙarfi. Masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da masu shan taba, da masu manyan shekaru su fi kowa kiyayewa.

Ko wanda aka riga aka shaida masa cewa fargaba ce, idan ciwon ya zo da sabon salo, ya koma wurin likita.

Abin yi idan ya taso

Da zarar likita ya tabbatar zuciya lafiya take, babban makami shi ne numfashi. Mutum ya zauna, ya saki kafaɗunsa, ya ɗora hannu a cikinsa. Ya shaƙi iska ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, har ya ji cikin ya taso, sannan ya fitar ta baki yana ƙirga shida. Ya ci gaba da haka kamar minti 5.

Yana kuma taimakawa ya mayar da hankalinsa kan abin da ke kewaye da shi, ya ambaci abubuwan da yake gani da waɗanda yake ji, ya tuna wa kansa cewa an duba zuciyarsa kuma abin zai wuce. Na kusa da shi kada su yi masa cincirindo. Mutum ɗaya mai natsuwa ya isa.

Tsohuwar dabarar nan ta numfashi a cikin jakar takarda, likitoci sun daina ba da shawararta, domin tana da haɗari ga mai ciwon zuciya ko asma.

Hana shi dawowa

Goro, da kofi, da shayi mai kauri, da lemunan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke ƙara bugun zuciya, don haka a rage su. Isasshen barci da motsa jiki a kai a kai na rage yawan tasowarsa.

Idan ya yawaita, akwai maganin tattaunawa da ƙwararre, wanda ke koya wa mutum daina fassara kowane motsin ƙirji da mutuwa. Akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa, waɗanda kan ɗauki makonni kafin su fara aiki. Sayen ƙwayoyi irin su diyazefam a kemis ba da izinin likita ba yana iya jefa mutum cikin jarabarsu.

Bahaushe kan ce faɗuwar gaba asarar namiji, kuma hakan na sa maza da dama su haɗiye abin da ke damunsu. Amma larura ce da ke jin magani, kuma a arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, baya ga sassan da ke asibitocin koyarwa.