Ko Kun Sani?

Ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihunku daga yashi ta samo asali. Irin farin dutsen nan mai walƙiya da ake gani a cikin yashin rafi idan ruwa ya janye a Kankiya ko Kusada, daga irinsa ake tace silikon, a yanka shi fale-fale, a shimfiɗa masa ƙananan makunnan lantarki da ake kira taransisto. Farantin sola da ke jan ruwa a rijiyar burtsatse ma silikon ne.

An ƙera taransisto na farko a Amurka a 1947, girmansa ya isa a riƙe a hannu. A 2023 kamfanin Apple ya fitar da wayar da ƙwaƙwalwarta ke ɗauke da taransisto biliyan 19, a fili kamar faɗin farce. Ma'auninsu nanomita ne, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita kusan 80,000.

Abin mamakin shi ne, idan katangar da ke tare lantarki a cikin taransisto ta yi siriri har zuwa 'yan nanomita kaɗan, ƙwayoyin lantarkin kan ratsa ta su wuce ba tare da sun fasa ta ba. Masana ilimin kwantam ke nazarin wannan hali, kuma da shi ake ajiye hotunanku a katin memori.

Ɗalibanmu masu son fiziks da kimiyyar sinadarai, jami'ar tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana nan kusa da gida. Ku nemi gurbi.