Kwal Nau'in Antirasait: Ma'anarsa da Amfaninsa

Gabatarwa

Hausa tana da kalma ɗaya, wato kwal, amma a wurin masana ilimin duwatsu kwal hawa-hawa ne. Lignait ne a ƙasa, sai sab-bituminos irin na Enugu, sai bituminos, sannan antirasait a ƙololuwa. Rashin bambance su kan sa a ba wani nau'i darajar da ba tasa ba.

Ma'ana

Sunan antirasait ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin gawayi. Kwal ne da zafi da matsin duwatsu suka fitar da mafi yawan danshi da iskar gas da ke cikinsa, har sinadarin kabon ya kai kashi 86 zuwa 97 cikin ɗari. Baƙi ne mai tauri da sheƙi, kuma kusan kashi 1 ne kawai cikin ɗari na kwal ɗin duniya. Iskar gas ɗin nan ita ce ke sa kwal saurin kamawa da yawan hayaƙi. Saboda ƙarancinta, antirasait yana da wuyar kunnawa, amma in ya kama sai ya daɗe yana ci, da gajeren harshe shuɗi, kusan babu hayaƙi.

Amfani

Amfaninsa bai yaɗu ba sai da aka shawo kan wuyar kunnawar. A 1808 Jesse Fell ya ƙona shi a kan ragar ƙarfe mai shigar da iska a Wilkes-Barre ta jihar Pennsylvania, abin da ya buɗe masa hanyar ɗumama gidaje a Amurka. A 1837 kuma George Crane da David Thomas suka narka tama da shi a Wales ta hanyar hura iska mai zafi. Dogaro da shi ya kai ga cewa da mahaƙansa suka shiga yajin aiki a 1902, sai da Shugaba Theodore Roosevelt ya shiga tsakani.

A yau Sin ce kan gaba wajen haƙo shi. Ana amfani da shi a masana'antun ƙarfe, ana kuma shimfiɗa ɓarzajjensa bisa yashi a matatun ruwan sha.

Kammalawa

Ƙarancin hayaƙinsa ba ya nufin ba ya gurɓata yanayi. Kasancewarsa kusan kabon zalla, yana fitar da iskar kabondayokzaid mai yawa duk lokacin da aka ƙona shi.